Bayan Takardar Yaya

Litinin, 3 ga Maris

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Maman Biyu da yara, da Goggo, Allah ya ƙara mata sauƙin gwiwa. Ni ma lafiya nake, sai godiyar Allah. Idon dama ne kaɗai yake ruwa idan na daɗe a gaban na'ura. Likita ya ce shekaru ne, na ce masa ban zo jayayya ba.

Na kira ka ranar Juma'a. Ina tambayarka maganin Goggo, kana ta ihun "Lafiya lau, Yaya!" har maƙwabciyata ta leƙo ta ga ko faɗa ake yi. Tunda injin yanka katako ya ci maka kunne, mu tsaya a kan takarda kamar yadda muka saba shekara goma sha tara. Baba ma, Allah ya jiƙansa, cewa yake maganar da ba ta cancanci tawada ba ba ta cancanci a tashi mutum daga aikinsa ba.

Aiki ya yi yawa. Ka san ni ba lauya ba ce, mai buga takardu ce a ofishin lauyoyi, kuma ni nake buga bayanin sababbin dokoki da muke raba wa jama'a kowane wata. Bana dokokin sun zo kamar ruwan sama: na gidaje da filaye, na yarjejeniya, na ma'aikata, har da na tsakanin ƙasashe. Babbar Lauya tana bin kowane layi da jan biro. Shafi ɗaya sai ta sa na sake buga shi sau huɗu, saboda waƙafi guda. Almubazzarancin takarda yana damuna, amma tuntuni na samo wa zuciyata mafita.

Ka rubuta cewa ƙofar ɗakina ta kumbura, ba ta rufuwa ba ta buɗuwa sosai, kana so ka cire ta ka yi sabuwa. Ka dakata tukuna. Na yi tunani a kan ɗakin nan fiye da yadda ya dace mai hankali ta yi tunani a kan bango huɗu. Shin daidai ne ɗaki ya zauna a kulle shekara goma sha tara saboda mace ɗaya, alhali yaranka suna kwana a cunkushe? Gidan Baba namu ne mu biyu, na sani, amma ina tambayar kaina ko abin da nake kira riƙon gado ba son kai ba ne da ya yafa mayafi. Ban gama yanke shawara ba. Kada ka ɓata katako a kan ƙofar har sai ka ji daga gare ni.

Ka riƙa sa abin toshe kunne, ka tsirar da wanda ya rage. Ka gaida kowa da kowa.

Yayarka

*A bayan takardar, da bugun na'ura, an ja layi da jan biro:* "Kotun ta yanke cewa idan magada biyu suka yi tarayya a gida, kuma ɗayansu ya daɗe ba ya amfana da shi, yana da haƙƙin neman a sayar a raba, ko da ɗayan bai so ba. An shawarci magada su daidaita tsakaninsu kafin a kai ga alƙali."

Litinin, 24 ga Maris

Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso ranar Alhamis. Na karanta ta a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Muna lafiya ƙalau. Goggo ta ce a gaya miki gwiwa ta gaji amma baki yana nan da ƙarfinsa, kuma ni shaida ne, da kunne ɗaya ma ina ji. 'Yan biyu sun shiga aji shida. Ɗaya yana son lissafi, ɗayan yana son abincin mai son lissafi.

Shago yana tafiya. Ma'aikacina Dogo ya dawo daga hutunsa na shekara har da tumbi, kamar yadda kike so. Mai fenti ma ba ya taɓa gwangwani sai da takunkumi. Kafintocin layinmu suna yi mini dariya, wai shagona ya zama ma'aikatar gwamnati. Na ce su yi ta yi, su ba su da Yaya.

To, sai maganar. Yaya, na gane, ba sai kin sake faɗa ba. Kuma ki kwantar da hankalinki, ba za a kai ga alƙali ba. Ɗan Baba ba zai tsaya a kotu da 'yar Baba ba, ko da kuwa a kan titi zan kafa bencina. Haƙƙinki ne. Shekara goma sha tara ina shan inuwar gidan nan, ke kina can ƙasar waje a ɗakin haya, ban taɓa tambayar kaina ko na danne ki ba. Na gode da kika bi ta hanya mai laushi.

Ranar Asabar na je wurin dillalin kan kwana, mai babur ɗin nan da ba ya tashi sai an tura. Mun sa hannu a yarjejeniya. Ya zo da tef ya auna ko'ina, har ɗakinki, da ƙyar muka tura ƙofar. Ya ma samo mai saye, wani mutum da yake so ya rushe shagon ya yi wurin wankin mota. Abin da ya rage kawai takardar wakilci daga gare ki, mai hatimi, domin ofishin filaye ba sa karɓar sa hannuna ni kaɗai. A makon da ta iso za a gama komai.

Kada ki damu da mu, kafinta ba ya rasa inda zai buga ƙusa. Goggo dai ban gaya mata ba tukuna. Na ce mata mai tef ɗin ma'aikacin wutar lantarki ne. Ta ce tun yaushe aka fara auna wuta da tef.

Ƙofar na bar ta yadda take.

Ƙanenki, Auta

Litinin, 14 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida iyali da Goggo. Na ji daɗin labarin 'yan biyu. Ka gaya wa mai son abinci cewa ciki ba ya cin jarrabawa. Lafiyata ƙalau.

Takardarka ta same ni ranar Juma'a, na ajiye ta a ƙarƙashin dardumar sallah kwana uku kafin na amince wa hannuna ya ba ta amsa. Ba zan ɓoye maka ba, da farko raina ya ɓaci. Ni ɗaki na ambata, kai ka amsa da gida dukansa. Daga baya na zaunar da kaina na yi mata tambayoyi, kamar yadda Babbar Lauya take yi wa shaidu. Mutum ba ya samo dillali da mai saye cikin kwana biyu sai in abin ya daɗe a ransa. Ashe gidan ya yi muku kaɗan, ko shagon yana bukatar wuri mafi kyau, kana ta haƙuri don kunyata, har sai da na buɗe ƙofa kaɗan ka samu ka numfasa. Idan haka ne, ni ce na danne ka, ba kai ba. Ban fahimci abin da ya kawo maganar alƙali ba, sai dai in wani ne ya ba ka shawarar ka kai ni ƙara ka ƙi. Allah ya saka maka da alheri. Hutun Dogo ma ban tuna na taɓa yin magana a kansa ba, amma abu ne mai kyau.

Takardar wakilcin ta kammala. A da sai ta bi ofis uku ta sha hatimi uku, wata biyu ana yawo. A farkon shekarar nan wata yarjejeniya tsakanin ƙasashe ta fara aiki, hatimi ɗaya ya wadatar. Ni na buga labarin da hannuna, har na yi wa mutane murna, ban san ni zai fara yi wa aiki ba. Minti ashirin na yi a gaban mai hatimi. Na ba kamfanin kai saƙon gaggawa ita yau da safe, za ta riga wannan wasiƙar isowa da kusan mako uku.

Akwai wani abin dariya. Sabuwar dokar ma'aikata ta hana a bar hutu yana taruwa. Babbar Lauya ta kira ni ta ce dole in tafi hutun wata uku daga Yuli, ko a ci ofis tara. Na ce mata ban gaji ba. Ta ce doka ba ta tambayi gajiyata ba. Na so in yi shi a wani wuri da na sani, amma bawa yana nasa, Allah yana nasa. Zan nemi abin yi.

Abu biyu nake roƙo. Akwatin Inna da ke ƙarƙashin gadona, ka ajiye mini shi a duk inda kuka koma. Na biyu, ka gaya wa Goggo gaskiya yau. Ƙarya ga tsohuwa ba ta zama ƙarama don an yi ta da tausayi.

Allah ya sa albarka a cinikin.

Yayarka

*A bayan takardar, da bugun na'ura, an ja layi da jan biro:* "Duk wanda ya sa hannu a yarjejeniya da dillali yana da ikon janyewa cikin kwana goma sha huɗu, ba tare da ya faɗi dalili ba."

Laraba, 16 ga Afrilu

Yaya,

Sallama da gaisuwar girmamawa. Maman Biyu ce. Ki gafarce ni, ban taɓa rubuta miki ba, kuma Baban Biyu bai san na rubuta ba. Da waya zan kira, to tawa ta faɗa bokitin mai fenti, ta fito shuɗiya ba ta magana. Tasa kuwa tana cikin aljihun tebur tare da ƙusoshi, ko ta yi ƙara ba ya ji.

Yaya, me muka yi miki? Mutumin nan tun da takardarki ta zo bai ci abincin kirki ba. Katako ɗaya yake gogewa mako uku, ya kusa zama takarda. Da rana yana wa yara wasa, in ya juya baya sai ka ga kafaɗa ta faɗi. Jira kawai yake takardar wakilci ta iso a sayar da gidan.

Na san ba a tsoma baki tsakanin harshe da haƙori, amma bari in faɗa. Ni tun da aka kawo ni gidan nan na tarar da wasiƙunki a bangon shago, an kafe su da ƙusa, bayansu ne a waje. Ya ce mini Yaya mace ce mai kawaici, ba ta faɗin magana kai tsaye. Gaban takarda gaisuwa ce, bayanta ne umarni, kuma inda kika ja jan layi nan zuciyarki take. Da kika aiko da maganar rubuta wa ma'aikaci yarjejeniya, ya rubuta wa Dogo, Dogo ya dangwala. Da kika aiko da ta hutu, ya ba da hutu. Akwatin magani, takunkumin fenti, awa guda ta cin abinci, duk naki ne. Wadda ta zo da maganar jiragen ruwa da iyakar teku ce ta ba shi wuya. Wata guda yana tunani, sannan ya ce ya gane, nufinki kada ruwan kwatarmu ya riƙa shiga gidan maƙwabci. Ya haƙa sabuwar kwata.

Ban taɓa cewa uffan ba, domin duk abin da kika umarta alheri muka gani. Amma wannan na sayar da gida, Yaya, in bukata ce ta taso miki, ki faɗa a gaban takarda mu san abin yi. In laifi muka yi, ki yi mana faɗa irin na manya. Ɗakinki duk Juma'a nake share shi, ta taga nake shiga saboda ƙofar.

Goggo ta gano. Ta ce ba ta san maganar wuta ba, amma ta san idon dillali. Yanzu a bakin ƙofar gida take wuni da sandarta.

Ki yafe mini in na yi rashin kunya.

Ƙanwarki, Maman Biyu

Talata, 6 ga Mayu

Auta,

Assalamu alaikum. Ka juya takardar nan kafin ka karanta. Babu komai a bayanta. Yau da safe na saye ta, sabuwa fil.

Wasiƙar Maman Biyu ta iso jiya, Allah ya yi mata albarka, ita kaɗai ce mai hankali a cikinmu. Ka saurare ni da kyau. Ban taɓa aiko maka da saƙo a bayan takarda ba, ko sau ɗaya. Shafukan da Babbar Lauya ta soke ne, waɗanda za a zuba a kwandon shara. Tun shekarar farko na nemi izininta in riƙa ɗauka ina rubutu a farin gefen, tunda bayani ne na kowa, babu sirrin wani a ciki. Jan biron nata ne, ba nawa ba. Ban taɓa duba abin da ke jikinsu ba. Kuma dokokin na ƙasar nan ne, ko ɗaya ba ta aiki a wurinku.

Ba na son a sayar da gidan Baba. Ban taɓa so ba. Na sa hannu ne don na ɗauka kai kake so.

Na kira wayarka sau goma sha ɗaya. Kamfanin saƙo ya tabbatar mini ka karɓi takardar wakilcin ranar sha takwas ga Afrilu, ka kuma ce a makon za a gama. Yau kwana goma sha takwas. Mai yiwuwa ina rubuta wa mutumin da ya riga ya kwashe bencinsa, ana wanke motoci a inda Inna take shanya. Idan ya faru, laifina ne, kada ka ɗora wa kanka.

Na daɗe ina ganin tsimin takarda wata 'yar ibada ce tawa. Har nakan ji daɗi a ɓoye cewa ban taɓa ɓarnatar da ko shafi ɗaya ba, kuma wannan jin daɗin shi ne aibin. Na tsimi takarda, na kuma tsimi magana, har ƙanena ya koma neman zuciyata a kwandon sharar ofis. Da na saba gaya maka abin da nake so, da ba ka je nema a baya ba. To ga shi a gaba: da na ce ka dakata da ƙofar, ina jin kunyar in ce ina so in dawo ɗakin ne. Na ga kamar ban cancanta ba, bayan na bar ka da Goggo da jana'izar iyaye kai kaɗai.

Maganar kwata kuwa, Allah ya yafe mini, na yi dariya a tsakiyar kuka har Babbar Lauya ta aiko a duba ni.

Wannan ta hannun masu gaggawa za ta zo. Ka amsa ko da layi ɗaya ne.

Yayarka

Lahadi, 11 ga Mayu

Yaya,

Wa alaikumus salam. Layi ɗayan da kika nema: gida yana nan. Yanzu ki sha ruwa, ki zauna, in ba ki sauran.

Takardar wakilci ta iso ranar Juma'a kamar yadda suka gaya miki. Ranar Asabar na sa rigata mai kyau na nufi wurin dillali. Goggo ta bi ni da ido ta ce, "Auta, in ka dawo ba gida, ka dawo da inda za ka ajiye ni, don ni ba katako ba ce da za a jingine." Na isa har bakin ofishinsa, na ciro takardar, na juya ta don in ga abin da kika ce. Fari fat. Na ɗaga ta a rana, ba komai. Na duba cikin ambulan, ba komai. Sai na ce a raina, shekara goma sha tara Yaya ba ta taɓa aiko mini da takardar da babu rubutu a bayanta ba. Wannan hannunta ne ya sa, amma bakinta bai yi magana ba. Na mayar da ita aljihu na koma gida, na ce sai wasiƙa ta zo.

Dillali ya yi ta sintiri. Kullum sai mun ji ana tura babur. Goggo ta ce masa, "Mai wuta, yau ma awo?" Bai ƙara wuce sandarta ba.

Ranar Litinin da ta wuce wasiƙarki ta sha huɗu ga Afrilu ta iso. Gaba ya ce Allah ya sa albarka a ciniki, baya ya ce a janye. Ban ko cire fensir daga kunne ba na tafi. Na ajiye masa ita a tebur na ce, "Karanta inda aka ja ja."

Ya karanta ya ce, "Kafinta, nan kwana goma sha huɗu aka ce. Mu yau kwana arba'in da huɗu ke nan."

Na ce, "Daga ranar da ta iso ake ƙirgawa."

Ya ce, "Wace kotu ce ta faɗi haka?"

Na ce, "Ka ga jan biron nan? Yayata shekara goma sha tara tana cikin lauyoyi. Kana so ta zo da kanta?"

Ya kalli takardar, ya kalle ni, ya ce, "Da ma tsohuwar nan ta ishe ni." Ya ciro yarjejeniyar ya yaga, har ya raka ni bakin titi. Ni na tura masa babur.

Jiya kuma taki ta gaggawa ta zo. Maman Biyu ce ta karanta mini a kunnen dama, a tsakiyar shago, da muryar da duk layi ya ji. Da ta kai wurin kwandon shara, mai fenti ya zauna a ƙasa don dariya. Ni kuwa na kalli bangon nan, takarda fiye da ɗari, na rasa inda zan sa fuskata. Sai Dogo ya matso a hankali ya ce, "Maigida, to hutun fa?" Na ce hutu yana nan, takunkumi yana nan, kwata ma ba zan cike ta ba. Shekara goma sha tara ba wanda ya rasa yatsa a shagona, ba wanda ya bar ni ya koma wurin wani. In sharar ofishinku ce ta yi wannan, a ci gaba da aiko mini.

Amma Yaya, wannan maganar ta ba ki cancanta ba, kada in sake jin ta, da kunne mai ji ko marar ji. Wa ya sa ni a makarantar koyon sana'a? Ɗakinki ne. Kuma in gaya miki gaskiya, ƙofar tun watan jiya na yi ta. Katakon da Maman Biyu ta ce ina ta gogewa, ita ce. Na ce ko an sayar da gida, sai na ga ta rufu sau ɗaya.

Goggo ta ce a gaya miki ku biyun duk Baba kuka biyo, mutumin da ya yi shekara yana son ƙarin gishiri a miya bai faɗa ba.

Ƙanenki, Auta

Litinin, 2 ga Yuni

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Alhamdu lillahi. Na yi sujadar godiya a tsakanin tebur da na'ura, ban damu da wanda ya gani ba. Ina gaida Goggo da sandarta, ina gaida Maman Biyu gaisuwa ta musamman.

Sai dai ka sani, na ce ka amsa da gaggawa, ka saka amsar a gidan waya ta yi mako uku a hanya. Na so in yi maka faɗa, sai na tuna a wurin wa ka koyi tsimi.

Saura abu ɗaya, kuma umarni ne, a gaba na rubuta shi. Ka koma wurin dillali ka gaya masa cewa dokar kwana goma sha huɗu ba ta ƙasarku ba ce, kuma ni mai buga takardu ce, ba abin tsoro ba. A lokacin ba ka sani ba, yanzu ka sani. Gidan ba zai sayu ba tunda na janye wakilcina, na kuma rubuta wa ofishin filaye, amma mutumin ya yi zirga-zirga saboda kuskurenmu. Ka nemi afuwarsa, ka yi masa benci mai kyau na ofis. Ba na son mu zauna a gidan da aka tsare da tsoratarwa.

Na ba Babbar Lauya labari duka. Ta cire tabarau ta yi dariya har da hawaye, ta ce a duk waɗanda muke aika wa bayanin nan kai kaɗai ne kake aiki da shi. Ta sa a saka ka cikin jerin masu karɓa, za ka riƙa samun naka mai tsabta kowane wata. Ka karanta don ilimi, kada ka haƙa komai.

Na ari jan bironta na minti ɗaya, da izininta. Ka juya.

Yayarka

*A bayan takardar, da rubutun hannu, an ja layi da jan biro:* "Ina kewarku. Zan iso ranar uku ga Yuli. Ka kafa ƙofar, ka bar ta a buɗe. Wannan ba shi da wata ma'ana sai abin da ya ce."